Me ake koyarwa a tsangayar zanen gine-gine, kuma daga ina tsarinta ya samo asali?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta kammala sakandare, ta kuma dage cewa zanen gine-gine take son karantawa. Na duba bayanin wata jami'a, sai na ga tsangaya guda ta haɗa zanen gine-gine da tsara birane da tsara lambuna da tsara cikin gida, har da zanen kayan masana'antu. Ni a sanina injiniya ne yake yin gini. To mene ne aikin wannan tsangaya, me ya sa karatun yake kai shekara biyar ko fiye, kuma ta yaya zan gane makarantar kirki kafin in sa ta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa yarinyar albarka, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya bincike kafin ka yanke hukunci. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: abin da ya raba mai zanen gini da injiniya, dalilin da ya sa fannoni masu yawa suka taru a tsangaya ɗaya kuma karatun ya yi tsawo, sai kuma ma'aunin da uba zai auna makaranta da shi. Na yi shekaru ina wannan sana'a kuma ina koyar da ita, kuma abin da na tabbatar shi ne jerin darussan da jami'a take bugawa a takardar talla kaɗan yake nunawa. Darajar irin wannan makaranta tana cikin ɗaki guda, wato ɗakin zane da muke kira sutudiyo, kuma sai mutum ya san inda wannan ɗaki ya samo asali kafin ya iya auna shi.

Bari mu fara da injiniya. A ce za a gina asibiti. Mai zanen gini ne zai yanke inda ƙofar gaggawa za ta kasance, da nisan da ma'aikaciyar jinya za ta taka daga teburinta zuwa gadon ƙarshe, da ɓangaren da tagogi za su fuskanta don kada ranar yamma ta gasa majinyata, da hanyar da za a fitar da shara ba tare da ta haɗu da hanyar abinci ba. Injiniya kuwa shi zai lissafa kaurin ginshiƙi da yawan rodin da zai shiga cikinsa da zurfin harsashi gwargwadon ƙasar wurin. Kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa, kuma dole kowanne ya san yaren ɗayan. Tun zamanin Rumawa wani masani mai suna Vitruvius ya ce gini nagari sai ya haɗa ƙarko da amfani da kyau, kuma har yau mai zanen gini shi ake ɗora wa nauyin haɗa ukun nan a wuri guda.

Gidaje uku da aka gada

Tsawon ƙarnuka ba a koyon wannan sana'a a aji. Yaro yakan shiga hannun babban magini ko mai zane, ya yi shekaru yana kwafar zane da auna gini har hannunsa ya faɗa. Gida na farko, wato tsarin koyarwa na farko da muka gada, ya fara ne a Paris a 1671, lokacin da Sarki Louis na 14 ya kafa majalisar masana gine-gine ta fada, aka ɗora François Blondel a kanta yana ba da lacca. An rufe ta a 1793 lokacin juyin juya halin Faransa, amma koyarwar ta farfaɗo, har ta zauna daram a 1819 a makarantar École des Beaux-Arts, wadda ta yi fiye da ƙarni guda ana kwaikwayonta a duniya.

Tsarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yanzu a cikinsa muke. Ɗalibi yakan shiga ɗakin zanen wani sanannen mai zanen gini, inda manyan ɗalibai suke koya wa ƙanana, maigidan kuma yakan leƙo lokaci zuwa lokaci ya duba aiki ya yi gyara. Idan aka ba da aiki, sai a kulle kowane ɗalibi shi kaɗai a wani ɗan ƙaramin ɗaki na kimanin awa 12, ya fito da zanen farko na ra'ayinsa. Bayan nan yana da makonni ya kammala cikakken zane, amma da sharaɗin kada ya kauce daga ra'ayin farko, in ya kauce alƙalan da suke auna aikin su jefar da shi. Ranar miƙa aiki kuwa amalanke ake turowa a kwashe zane-zanen, har ana ba da labarin ɗaliban da suke hawa kan amalanken suna ƙarasa zane. Sunan amalanken da Faransanci, charrette, shi ne har gobe masu sana'ar suke kiran kwanakin da ake kwana ana aiki gab da wa'adi. Daga wannan gida muka gaji sutudiyo da wa'adi mai tsauri da zaman alƙalai. Aibinsa shi ne ya fifita kyan zane a takarda da kwaikwayon gine-ginen Girka da Rum, har ɗalibi ya iya zana fada mai ɗaukar ido alhali bai san yadda za a ɗora mata rufi ba.

Gida na biyu na injiniyoyi ne. Faransa ta buɗe makarantar gadoji da hanyoyi a 1747, sannan École Polytechnique a 1794, Berlin ta buɗe makarantar gini a 1799, Zurich kuma ta buɗe tata kwalejin fasaha a 1855. A nan an ɗauki zanen gini a matsayin ɗan'uwan lissafi da kimiyya, kuma daga nan darussan ƙarfin gini da sanin kayan gini da awon fili suka shigo manhaja. Lokacin da Amurka ta fara koyar da fannin a jami'a, a kwalejin MIT, inda aka ɗauki William Robert Ware a 1865 aka fara darasi a 1868, sai ta haɗa gidajen biyu, domin makarantar ta injiniyoyi ce amma malamin zane daga Paris aka ɗauko shi. Ingila ta daɗe a kan tsohon tsarin koyo a ofis, inda iyaye suke biyan maigida kuɗi don ya riƙe musu yaro, har wasu matasa da suka gaji da kwafar zane ba tare da an koya musu komai ba suka kafa ƙungiyar Architectural Association a Landan a 1847, wadda ta zama makaranta mai zaman kanta har yau.

Gida na uku shi ne ya amsa tambayarka game da kayan masana'antu. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus. Ta koma Dessau a 1925, ta koma Berlin a 1932, aka rufe ta a 1933 saboda matsin 'yan Nazi, wato shekara 14 kacal ta yi. Ra'ayinta shi ne kujera da fitila da butar shayi da harafin rubutu da gida duka sana'a ɗaya ce, kuma ba a fara koyonta da kwafar tsofaffin gine-gine, da taɓa kaya da hannu ake farawa. Duk sabon ɗalibi sai ya bi ta darasin share fage, wanda Johannes Itten ya fara, daga baya László Moholy-Nagy da Josef Albers suka ci gaba da shi, inda za a miƙa wa ɗalibi takarda a ce ya lanƙwasa ta har ta tsaya da kanta ta ɗauki nauyi. Daga nan sai ya wuce ɗakin kafinta ko na ƙarfe ko na saƙa. Abin lura, makarantar da sunanta yake nufin gidan gini ba ta buɗe sashen zanen gine-gine ba sai a 1927 a ƙarƙashin Hannes Meyer. Tunda 'ya mace muke magana a kanta, ya dace in faɗa maka cewa duk da alkawarin daidaito da makarantar ta yi, yawancin matan da suka shiga makarantar, ɗakin saƙa aka tura su. An wuce wannan zamani, kuma a azuzuwan da na koyar mata ba su taɓa zama 'yan rakiya ba.

Bayan rufe Bauhaus malamanta suka watsu. Gropius ya isa jami'ar Harvard a 1937, Moholy-Nagy ya buɗe sabuwar makaranta a Chicago a shekarar, Mies van der Rohe shi ma ya sauka a Chicago a 1938. Shekara guda kafin isowar Gropius, wato 1936, Joseph Hudnut ya haɗa sassa uku na Harvard, zanen gine-gine da tsara filaye da tsara birane, suka zama makaranta guda. Wannan haɗin shi ne kakan irin tsangayar da ka gani, kuma hujjarsa a fili take, domin gini ba ya tsayawa shi kaɗai, a kan fili yake, filin yana cikin unguwa, cikin ginin kuma akwai kujera da ƙofa da mariƙinta.

Yadda rayuwar sutudiyo take

A makarantar kirki sutudiyo yakan cinye kusan rabin lokacin ɗalibi. Kowa yana da teburinsa da ba a raba shi da shi har ƙarshen zango. Za a ba su aiki guda, misali ƙaramin ɗakin karatu a wani fili na gaske da za su je su auna da kansu, sannan malami ya riƙa bi tebur tebur sau biyu ko uku a mako, ya zauna kusa da ɗalibi, ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan zanensa, ya yi tambayoyi da fensir. A ƙarshe ɗalibi zai manna zanensa a bango, ya ajiye samfurin ginin da ya yi da kwali, ya tsaya gaban malamai da baƙi ya kare aikinsa.

Akwai wata ɗaliba da ba na mantawa da ita. Ta zana makarantar firamare mai rufi kamar fiffiken tsuntsu, gefe biyu a sama tsakiya a ƙasa, kuma duk wanda ya ga samfurin sai ya tsaya kallo. Ban ce mata komai ba, na ɗauki kofin ruwa na tsiyaya kaɗan a kan rufin kwalin. Ruwan ya gangara ya taru a tsakiya, daidai saman ƙofar da yara za su riƙa shiga. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta jawo takarda. Bayan mako guda ta dawo ba ta sauya siffar rufin ba, amma ta sa indararo mai faɗi a tsakiyar, ta kai ruwan ƙarshen ginin zuwa tankin ajiya, ta matsar da ƙofar. Aikin ya fi na farko kyau, domin yanzu siffar tana da dalili. Da lacca na yi mata a kan magudanar ruwa, da ta rubuta ta ci jarrabawa, kuma ba na jin da ya zauna mata haka. Wannan ne dalilin tsawon karatun: irin wannan fahimta ba ta samuwa sai an maimaita aiki bayan aiki, daga rumfa zuwa gida, daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa asibiti ko tashar mota, kowane zango da sabuwar wahalarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan tsari yana da illa. Al'adar kwana a sutudiyo da muka gada daga Paris ta sa wasu malamai suna ɗaukar rashin barci alamar ƙwazo, wasu alƙalan kuma sukan mayar da gyara cin mutunci. Na ga ɗalibai masu basira sun bar fannin saboda haka, kuma abin yana damuna. Malamin da ya san aikinsa zane yake suka, ba ya taɓa mutuncin mai zanen.

Kewaye da sutudiyo akwai darussan da suke ciyar da shi: tarihin gine-gine, ƙarfin gini, kayan gini da yadda ake harhaɗa su, iska da haske da zafi da sauti, ruwa da lantarki, dokokin gini da kwangila, sai zane da hannu da kwamfuta. Manhajar AutoCAD ta fito a 1982 ta kori allon zane daga yawancin ofisoshi, yanzu kuma ana gina dukan ginin a cikin kwamfuta da manhajoji irin su Revit kafin a haƙa harsashi. Duk da haka ina cikin masu ganin shekarar farko ta fensir ce da kwali, domin kwamfuta takan sa ɗanyen ra'ayi ya yi kama da nunanne. Batun yanayi kuma ya shigo tsakiyar manhaja, tunda siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam yake fitarwa, shi ya sa makarantu suka koma nazarin ƙasa da katako da gyaran tsofaffin gine-gine maimakon rushe su.

Sauran fannonin

Tsara filaye, wanda ka gani da sunan tsara lambuna, ya wuce shuka furanni, kodayake mutane da yawa haka suke ɗauka. Masu shi ne suke tsara wuraren shaƙatawa da harabar jami'o'i da bakin koguna, suna nazarin gangaren ƙasa da hanyar ambaliya da itatuwan da za su rayu a wuri. Harvard ta fara ba da shi a 1900 ta hannun Frederick Law Olmsted ƙarami, ɗan mutumin da ya yi tarayya wajen tsara Central Park na New York. Tsara birane, wanda jami'ar Liverpool ta buɗe masa sashe a 1909, ya fi karkata ga doka da ƙididdiga da tattalin arziki da sufuri, don haka wanda ya fi son nazari da rubutu a kan zane zai fi jin daɗinsa. Tsara cikin gida kuma ya shafi rabon ɗakuna da haske da hanyar fita idan gobara ta tashi, bai tsaya ga zaɓen labule ba. Zanen kayan masana'antu shi ne ɗan Bauhaus na cikinsa, daga kujera har wayar hannu. Ni a zanen gine-gine na yi aiki, saboda haka idan zuciyar yarinyar ta karkata ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya kamata ku zauna da mai yin sa. A jami'o'i da yawa shekarar farko ta haɗaka ce, kuma wannan dama ce mai kyau ta ɗanɗana kafin ta zaɓa.

Shekaru da lasisi

Yarjejeniyar da hukumar UNESCO da ƙungiyar masu zanen gine-gine ta duniya suka fitar a 1996 ta ce karatun kada ya gaza shekara biyar na cikakken lokaci. Ƙasashe sun raba shekarun ta hanyoyi daban-daban. Tsarin da Birtaniya ta daɗe a kai shi ne shekara uku na digirin farko, shekara guda a ofis, shekara biyu na karatu na gaba, wata shekarar a ofis, sannan jarrabawar ƙwarewa, jimla shekara bakwai. A Amurka akwai digirin farko na shekara biyar a jere, akwai kuma digiri na biyu ga wanda ya yi shekara huɗu a fannin, ko ma wanda ya fito daga wani fanni daban. Yawancin ƙasashen Turai sun koma shekara uku na digirin farko da biyu na digiri na biyu bayan yarjejeniyar daidaita karatun jami'a da suka ƙulla a Bologna a 1999. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a wurare da yawa digirin farko kaɗai ba ya ba mutum ikon sa hannu a zane ko kiran kansa mai zanen gini a gaban doka. Sai an kammala mataki na biyu, an yi sanin makamar aiki a ƙarƙashin mai lasisi, an ci jarrabawar hukumar rajista. Saboda haka lissafin kuɗi da na lokaci a yi shi har ƙarshen hanya, a kuma sa kuɗin kwamfuta mai ƙarfi da buga manyan takardu da kayan samfuri a ciki, domin sukan zo wa iyaye ba zato.

Game da lissafi, wanda iyaye suke yawan tambaya, ana buƙatar matsakaicin ƙarfi a cikinsa da kimiyyar fiziks, amma bai kai na injiniya ba. Zaha Hadid, 'yar Bagadaza da ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2004, lissafi ta fara karantawa a Beirut kafin ta shiga Architectural Association. Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda ya karɓi kyautar a 2022, ta kafinta ya shigo, kuma yana ɗalibi a Berlin ya gina makarantar firamare a ƙauyen Gando da bulon ƙasa a 2001. Ƙofofin shiga suna da yawa.

Abin da zan duba da ni ne kai

Kafin komai, a tabbatar hukumar da take yi wa masu zanen gini rajista a ƙasar da yarinyar za ta yi aiki ta amince da wannan shiri na wannan jami'a, kuma a ji daga bakin hukumar, kada a tsaya ga abin da jami'ar ta rubuta. Ƙa'idojin suna sauyawa kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa ba zan iya yanke maka hukunci a kan wata jami'a daga nesa ba.

Bayan haka ku je da ƙafarku, a tsakiyar zango, ku nemi a shigar da ku sutudiyo. Ɗakin da ake aiki a cikinsa ba ya ɓoyuwa: za ka ga guntayen kwali a ƙasa, zane a bango, ɗalibai suna gardama a kan teburin ɗayansu. Idan ka tarar da shi a share tsaf kuma a kulle, ka yi tambaya. Ka tambayi ɗalibi, ba malami ba, sau nawa malami ya zauna a teburinsa a makon da ya wuce, kuma su nawa ne a hannun malami guda. A gwajina, idan suka haura ashirin ba kowa malami yake iya gani da kyau ba, idan suka kai hamsin kuwa sutudiyon ya koma lacca. Ka duba ko akwai ɗakin kafinta mai injina masu aiki, ko ana kai ɗalibai wurin gini su ga ana zuba kankare, ko a cikin malaman akwai masu gini a waje. Wasu makarantu sun kai ga ɗalibai su gina abin da suka zana da hannunsu, kamar Rural Studio da Samuel Mockbee da abokin aikinsa suka kafa a jami'ar Auburn ta jihar Alabama a 1993, inda ɗalibai suke gina wa marasa ƙarfi gidaje. Sannan ka nemi ganin ayyukan 'yan shekarar ƙarshe. Idan duk sun yi kama da juna, alama ce ana kwafar malami, idan kuma duk hotuna ne masu ƙyalli babu zanen da ya yanka ginin ya nuna yadda bango ya haɗu da rufi, to an yi sakaci da gadon injiniyoyi.

Ita kuma yarinyar, ban ga hannunta ba, don haka ba zan ce ta dace ko ba ta dace ba, amma akwai gwajin da nake ba duk mai niyya. Ka ba ta tef ɗin awo da fensir da rula, ka ce ta auna ɗakin da take kwana, bango da ƙofa da taga da gado, ta zana shi kamar an cire rufin ana kallo daga sama, kowace mita ɗaya ta zama santimita biyu a takarda. Idan ta gama, ta sake zana shi yadda take ganin zai fi daɗin zama, ta kuma yi maka bayanin dalilin kowane sauyi. Kada ka damu da ko layinta ya miƙe, wannan za a koya mata. Ka lura ko ta koma ta sake awo da kanta lokacin da lissafin bai haɗu ba, ka kuma ajiye takardun biyu, domin jami'o'i da dama sukan nemi kundin zane-zanen mai neman shiga.